Ƙanena Kwaɗo da Shekarunsa a Keji

Ni na raɗa masa sunan, kuma ba don yabo ba. Yana ɗan shekara huɗu, ni ina sha uku, ba ya zama a kujera kamar kowa. Sai ya tsuguna a bakin ƙofar kicin, gwiwoyi a buɗe, idanu warwaje, yana bin duk mai wucewa da kallo. Na ce da Mama, "Dubi ɗan nan naki, sai ka ce kwaɗo a bakin kwata." Mama ta jefo ni da murfin tukunya, amma sunan ya riga ya bi shi. Shekara ashirin bayan haka, da dubban mutane suka riƙa ihun "Kwaɗo! Kwaɗo!" a zauren wasa, su kwaɗon ƙofa suke nufi, wai in ya datse hannun mutum babu mai buɗewa sai alƙalin wasa. Ya sha roƙona, "Yaya, don Allah ki rufa min asiri. Kar 'yan jarida su ji wane kwaɗon ne."

Mu biyu ne a wurin Mama. Baba ya rasu tun yana firamare, don haka rabin rainonsa a hannuna aka yi. Ni tela ce. Shagona yana nan inda yake tun fil azal, tsakanin masu gyaran waya da wani mai shayi, keke biyu, teburin yanka, da ɗan lungu mai labule na gwada kaya.

Duk wanda ya san shi yana yaro zai rantse ba zai taɓa dukan kowa ba. Ko tsawa ka yi masa sai idonsa ya ciko. Da ya gama sakandare ya shiga aiki a gidan burodi, yana kwaɓi da safe, da rana yana sauke buhunan fulawa. A bayan gidan burodin akwai wani tsohon sito da wani mutum ya mai da wurin atisaye. Gajere ne mutumin, tsohon ɗan kokawa, kunnensa ɗaya a murɗe kamar an tauna an tofar. Kowa Koci yake ce masa. Wata rana buhu ya zame daga saman mota, Kwaɗo ya cafe shi da hannu ɗaya ta kunnen buhun, ya ajiye, ya ci gaba da aikinsa. Koci yana tsaye a bakin sito yana kallo.

"Kai, zo nan," in ji Koci. "Matse hannuna."

"Baba, hannuna duk fulawa ne."

"Na ce ka matse."

Ya matse. Koci ya ce kwana uku ya yi bai iya riƙe cokali daidai ba. To amma shi Koci, duk sa'ad da ya ba da labarin nan sai kwanakin sun ƙaru. Na taɓa ji ya ce mako biyu.

Abin da suke koya a siton shi ne damben keji. Mutum biyu ne a fili da aka kewaye da waya, an yarda da naushi, da shuri, da kokawa, da murɗe hannu, har sai ɗaya ya suma, ko ya bubbuga ƙasa alamar ya sallama, ko lokaci ya ƙare alƙalai su yanke hukunci. Ranar da ya yi wa Mama wannan bayani tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba.

"Keji irin na kaji?"

"Mama, ya fi wannan girma nesa ba kusa ba."

"To su waye kajin?"

Ba ta hana shi ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yarda ba.

Gajeren wandon da ya fara shiga keji da shi ni na ɗinka, da ragowar yadin labulen wata mata, kore shar. A turmi na biyu wandon ya dare ta baya. Haka ya ƙarasa faɗan, ya kuma ci, ya fito da tawul a ƙugu jama'a na ta dariya da tafi. Washegari ya ajiye min wandon a kan keke ya ce, "Madam tela, ga aikinki ya dawo." Daga ranar duk wandonsa ɗinki uku nake bi.

Wannan zuwan na washegari shi ya zama ƙa'ida. Duk ranar da ya yi wasa, kashegari da hantsi zai shigo shago, ido ɗaya a kumbure kamar ƙwai, leɓe a fashe, ya ja ƙaramar kujera, mai shayi ya kawo masa kofi ba tare da an aika ba. Kafin ka ce me, masu gyaran waya sun bar wayoyin mutane a buɗe sun cika ƙofa. Sai ya fara. Kuma ba ya ba da labari da baki kawai. Akwai mutum-mutumin roba da nake gwada riga a jikinsa, shi ne abokin karawa. "Ya kawo min ta nan, na kauce, na shiga ta ƙasa, na ɗauke shi haka..." Sai ka ga mutum-mutumina sanye da rigar matar mutane yana sama. Sau biyu yana karya masa hannu. Ina zaginsa, ina ce masa ya fita min daga shago, ina dariya har hawaye. Ban san a lokacin cewa waɗannan ne ranakun da zan fi tunawa ba. Gani nake yi haka za a yi ta yi.

Mama ba ta taɓa kallon wasansa ba, ko da aka fara nuna shi a talabijin. Maƙwabta su cika falo, ita ta shige kicin ta kunna famfo ta hau wanke tukwanen da aka riga aka wanke. In ta ji ihu ya tashi, sai ta leƙo da kumfa a hannu, tambayarta ta farko kullum ɗaya ce: "Ɗan mutanen ya tashi?" Sai an ce mata ya tashi, sannan ta tambayi nata.

A wajen ɗinkin gira ya samo matarsa. Ma'aikaciyar jinya ce, mu duka Sista muke ce mata, har shi. Ta ce tana ɗinka shi yana ba ta shawara, wai ta bi ɗinkin sau uku, haka yayarsa take yi. Suka haifi 'yan biyu mata, masu idanunsa sak.

Wasa goma sha huɗu ya ci a jere. A na sha biyu ya ɗauki kambu. Hotonsa ya shiga shagunan aski, ya fara hawa jirgi, aka daina sa wandon da na ɗinka saboda kamfani ke ba su nasu. Wannan ya fi damunsa fiye da ni. Kambun kuwa, wata ƙatuwar ɗamara mai nauyi kamar dutsen guga, a cikin baƙar leda ya kawo min shi shago, kamar wanda ya sayo kifi. Mai shayi ya ɗaura ya ƙi cirewa, ranar nan da kambun a ƙugu ya yi ta zuba wa mutane shayi. Mama ta shafa shi sau ɗaya ta ce, "To, ai sai a huta haka ko?" Ya yi dariya ya ce saura kaɗan. Ba ta kai ga ganin sauran ba. Ta rasu a shekarar, bayan gajeriyar jinya. Na daɗe ina ganin an yi min gaggawar ɗauke ta. Daga baya na gode wa Allah da ba ta ga abin da ya biyo baya ba.

Koci ya sha faɗa masa abu ɗaya. "Hannun hagunka yana sauka in ka kai naushi. Wata rana wani zai gani." Shi kuma ya ce, "Baba, kafin ya gani na kai shi ƙasa."

Wanda ya gani ɗin wani saurayi ne ɗan shekara ashirin da uku, siriri, dogo kamar falwaya. A layinmu Dogonyaro muka sa masa, ga tsawo ga ɗaci. Ranar ce rana ta farko da na yarda na je zauren da kaina, ni da Sista, a sahu na uku. Na ga ƙanena ya fito ana ihun sunansa har ƙasa na girgiza, ya hango ni ya ɗaga min gira. Aka buga ƙararrawa. Suka zaga juna. Ya kai naushi, hannun hagu ya sauka, sai na ji wani sauti kamar an buga katako a jikin bango. Ƙafar yaron ce ta same shi a gefen kai. Ya tafi ƙasa a sandare, hannuwa a miƙe. Daƙiƙa arba'in da ɗaya ke nan da farawa.

A ɗakin canja kaya muka same shi zaune a benci, likita na haska masa ido. Ya ga Koci ya ce, "Baba, yaushe za mu shiga?"

Koci ya ce, "An gama, ɗana."

"An gama me?"

Aka gaya masa. Ya kalli safar hannunsa. Bayan minti biyu ya ɗago ya ce, "Baba, yaushe za mu shiga?" Sau huɗu ya yi wannan tambaya, sau huɗu Koci na amsa masa, kuma kowane karo kamar sabon labari yake jinsa.

Washegari bai zo shago ba. Mai shayi ya ajiye kofin har ya huce.

Da yake bai tuna faɗuwar ba, sai ya neme ta a waya. Ba ta yi wuyar samu ba, don duniya ta ɗauka. Wasu sun sa mata kiɗa, wasu sun haɗa ta da hoton itace na faɗuwa. Sista ta ce yakan zauna a bakin gado bayan karin kumallo ya kalla, ya mayar baya, ya sake kalla, har rana ta take. Da na je gidan na ce, "Kai kuwa me kake nema a ciki?" Ya ce, "Yaya, ina so in ga inda na tafi. Ina ganin mutum ya faɗi, amma ban san shi ba."

Duk da haka muka ce wucewa zai yi. Wa bai taɓa faɗuwa ba? Ya koma atisaye, ya ma fi da ƙwazo. Bayan wata takwas aka sake haɗa shi da Dogonyaro. Wannan karon a gida na kalla. Bai suma ba, amma da ma suman ya yi da ya fi min sauƙin gani. Duk sa'ad da Dogonyaro ya ɗan ɗaga ƙafa, ko da gyara tsayuwa ne, sai ƙanena ya runtse ido ya ja baya. Turmi biyar yana bin jikin waya. Jama'ar da ke ihun sunansa suka koma yi masa ihun kaico. Alƙalai duka uku suka ba yaron.

Na ukun shi ne ya karya shi. An haɗa shi da wani da ya taɓa ci cikin sauƙi shekaru huɗu baya, don dai ya dawo da ƙarfin gwiwa. Mutumin ya kai shi ƙasa, ya kama masa hannu, ya datse da irin datsewar da shi Kwaɗo ya yi suna da ita. Ƙanena ya bubbuga ƙasa.

"Da hannuna na bubbuga, Yaya," ya ce min bayan kwana biyu, yana kallon tafin hannun. "Karon farko ba na nan aka yi. Wannan ina nan."

Daga nan abubuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ba za ka ce ga ranar da aka fara ba. Ya je sito ya tsaya a gaban ɗalibai ya ce Koci ne ya sayar da sirrinsa, shi ya gaya wa mutanen Dogonyaro maganar hannun hagu. Mutumin da ya ɗauke shi daga kan buhun fulawa, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana naɗa masa bandeji a hannu. Koci ya tattara masa safarsa da robar bakinsa a jaka ya miƙa masa.

Ya sayi sikeli ya ajiye a falo. Ba shi da wasa a gaba, ba wanda zai auna shi, amma sai ya hau sau bakwai sau takwas a yini. In ya ga ya ƙaru da ɗan wani abu sai ya ƙi cin abinci, ya naɗe jiki da leda ya yi ta tsalle a tsakar gida da tsakar rana. Ya daina ɗauko 'yan biyu daga makaranta, don ya ce masu gadi suna yi masa dariya. Ya koma fita da hula a jaye har gira. Ya riƙa karanta abin da mutane ke rubutawa a kansa, ya haddace wasu, har yakan maimaita mana su a wurin cin abinci da muryar wasa, shi kaɗai yana dariya. Wata rana ya yi ta magana tun safe, zai koma, zai ɗauki kambu biyu, zai buɗe wurin atisaye hawa uku. Kashegari kuma ko labule ba zai bari a ɗaga ba. Ya sa gishiri a shayi, ya manta sunan maƙwabcinsa na shekara shida. In Sista ta ce su ga likita sai ya ce, "Ke ma kin koma bayansu ke nan."

Ta zo shagona wata ranar Talata bayan ta tashi daga aiki, da fararen kayanta, ta zauna a ƙaramar kujerarsa. Ta ce, "Yaya, bai taɓa ɗaga min hannu ba, wallahi. Amma yaran sun fara tafiya da sanɗa a gidan ubansu." Na ce ta riƙa turo min shi da rana, ko guga ya taya ni. Ya fi zaman ɗaki.

Ya yi kamar mako uku yana zuwa. Yana shigowa ta baya, ya zauna a lungu, ya juya wa ƙofa baya. Masu gyaran waya, Allah ya saka musu, ba wanda ya taɓa yi masa zancen keji. Sannu kawai suke yi su wuce.

Ran nan wani kwastomana ya zo, tsohon malamin makaranta mai ritaya, dattijo mai barkwanci, zai rage tsawon wando. Kwaɗo yana tsugune kusa da benci yana tattara min ƙyallaye. Malam ya ɗaga ƙafa zai ɗora a kan bencin don ya nuna min inda za a kai lanƙwasar. Ban ga yadda aka yi ba. Na dai ji ƙarar kujera, na ga Malam a ƙasa, ƙanena a kansa ya naɗe masa ƙafa, tabarau ya yi gefe ya tsage. Na ƙwalla ihu na kira shi da sunansa na yanka, sunan da Mama kaɗai take kiransa da shi. Ya tsaya cak. Ya kalli furfurar da ke ƙarƙashinsa. Ya saki, ya ja da baya da gindi har ya shige lungun gwada kaya, ya ja labule. Sai muka ji kuka, irin kukan da ban ji daga bakinsa ba tun yana aji biyu.

Muka ɗaga Malam, ina ta ba shi haƙuri. Ya karkaɗe rigarsa, ya duba gwiwa, ya ce, "To, ni ma yau na shiga tarihi. Na kara da Kwaɗo na tashi da ƙafata." Ba wanda ya iya dariya. Sai ya rage murya ya ce, "'Yata, shekara talatin da biyar ina koyar da yara, na san bambancin mugunta da tsoro. Wannan tsoro ne. Ku kai shi asibiti tun bai ji wa wani ciwo ba, ko ya ji wa kansa."

Na san in na ce asibiti zai ce shi ba mahaukaci ba ne, don ya sha faɗa. Sai na ce masa idona ne ya matsa min, zare ma sai na yi ta lalube kafin in zura, kuma an ce in an ɗiga min magani ba zan ga hanya ba, ina bukatar ɗan rakiya. Rabin maganar gaskiya ce. Sista ta riga ta karɓo mana lokaci a wurin likitan ƙwaƙwalwa. Muka hau bene, yana riƙe da jakata. A hawa na huɗu ya tsaya ya karanta allon da ke bango.

"Yaya, ido a hawa na biyu yake."

"Na sani."

Ya daɗe a tsaye. Na ga ya kalli matattakala, na san in ya juya ba mai iya tare shi a ginin nan kaf. Na ce, "Ni na goya ka, ban taɓa roƙonka komai ba. Ka zauna min minti goma." Ya zauna. Ya rungume jakata a ƙirji kamar za a ƙwace.

Likitar mace ce, ba ta kuma san komai game da keji ba, wannan ya taimaka. Ta sa shi ya yi mata bayanin wasan tun daga farko, tana tambaya kamar ɗaliba, har ya saki jiki. Aka yi hotunan kai, aka yi gwaje-gwaje. Ta ce abu biyu ne suka haɗu: dukan da kansa ya sha shekara da shekaru, ba na ranar nan kaɗai ba, da kuma ciwon damuwa mai tsanani. Ɗaya za a iya magance shi, ɗayan sai dai a lallaɓa. Ta ce kada kan nan ya ƙara shan duka ko ɗaya. Aka kwantar da shi mako uku.

A rana ta biyu na iso da abinci na tarar da Koci zaune a gefen gado, da ledar lemo a cinya. Ba wanda ya gaya masa sai Sista. Kwaɗo ya juya fuska ga bango. Haka Koci ya riƙa zuwa kullum da la'asar, ya ɓare lemo ya ajiye a faranti, ya zauna awa guda, ya tashi. A rana ta takwas Kwaɗo ya miƙa hannun hagu zai ɗauki lemon, hannun ya kauce ya ture farantin. Koci ya sunkuya yana tsincewa ya ce, "Hannun hagun nan dai, ai na faɗa maka." Ƙanena ya yi wani sauti, na zaci kuka ne. Dariya ce. Ya yi ta yi har ta koma kukan, ya kama hannun tsohon ya ce, "Baba, ka yafe min." Koci ya ce, "Sassauta riƙon, ina so in ci abinci da cokali yau."

Ba a nan aka gama ba. Bayan wata shida, da ya ji ƙarfi, masu shirya wasa suka kira shi, suna so ya dawo ko sau ɗaya, don har yanzu sunansa na cika zaure. Ya zo da zancen fuska a sake, rabon da in ga idonsa na ƙyalli haka tun Mama na da rai. Wallahi sai da na ji kamar in ce ya je. Koci ne ya tsaya. Ya ce, "In ka shiga, ba da ni ba. Ba zan sake tsayawa a ɗakin can kana tambayata yaushe za mu shiga ba." Wata guda Kwaɗo bai yi wa kowa magana ba. Sannan ya daina ɗaga kiran mutanen. Bai yi taron 'yan jarida ba, bai yi ban kwana ba. Sunansa dai ya riƙa sauka a jerin gwanaye har ya fita.

Yau shekara bakwai ke nan. Yana aiki a asibitin da Sista take, a sashen gashin ƙashi, yana tura marasa lafiya a keke yana taya su hawa gado. Ya yi ƙiba, tafiyarsa ta yi nauyi, maganarsa ta ragu. Yana yawo da ɗan littafi a aljihu yana rubuta abin da aka aike shi, don in bai rubuta ba sai ya tsaya a tsakiyar baranda yana tunanin ina za shi. Yana shan maganinsa. Akwai makon da zai yi lafiya lau, akwai wanda Sista za ta bugo ta ce, "Yaya, yau garin da hadari," in rufe shago in tafi. 'Yan biyu sun shiga sakandare, ba sa sanɗa yanzu, har ɗakinsa suke shiga su ƙwace rimot.

Kowa yana ce min in gode Allah, kuma ina godewa. Amma ba zan ɓoye ba, ina kewar wancan. Ina kewar mai surutun, mai cika ɗaki, wanda in ya yi dariya sai an ji a ƙarshen layi. Wannan na yanzu ya fi shi haƙuri, ya fi shi tausayi, ƙila ma ya fi shi hankali. Sai dai wani sa'in muna zaune ina kallonsa, sai in ji kamar ina jiran wani ya shigo.

A watan jiya wata baƙuwar lamba ta kira shi muna cin abincin rana a gidansa. Ya fita waje da wayar, ya kai minti arba'in. Da ya dawo ya zauna bai taɓa cokali ba.

Sista ta ce, "Lafiya?"

"Dogonyaro ne."

Ashe shi ma duniyar ta juyo kansa. An ci shi sau uku a jere, na ƙarshen ɗauke shi aka yi a gadon ɗaukar marasa lafiya. Matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu. Ya ce ya rasa wanda zai kira, sai ya tuna da mutum ɗaya da ya san yadda abin yake.

Ni dai har ga Allah ban ji tausayinsa nan take ba. Na ce, "Shi ne don rashin kunya zai kira ka?"

"Yaya, aikinsa ya yi. Da ni na samu wannan damar, haka zan yi masa." Ya ciro littafinsa ya rubuta wani abu. "Ya ce kwana huɗu bai fita daga ɗaki ba."

Ranar Asabar ya ɗauki hutu. Tafiyar awa shida ce a mota. Sista ta cika masa kula da shinkafa da kaza, ta rubuta masa sunan tashar da zai sauka da lambar likitarsa a takarda biyu, ɗaya a aljihun riga ɗaya a na wando. Ni na raka shi tasha. Ya samu kujerar taga, ya ɗora kular a cinya, wani fasinja yana ta kallonsa kamar ya san fuskar amma ya rasa a ina.

Kwana biyu ya yi. Ya dawo da mura, don motar tagarta ba ta rufuwa. Na tambaye shi me suka tattauna, ya ce ba wani abu mai yawa ba, sun dai zauna. Ya ce yaron ya ci rabin shinkafar, kuma ya yarda zai ga likita in aka samu mai raka shi.

"To wa zai raka shi?" na ce.

Ya fyace hanci, ya buɗe littafin ya duba. "Ranar sha tara ga wata. Ki tuna min, Yaya, kar in manta."